Aji, Tafki da Ɓauna: Yadda Aikinmu Ke Tafiya a Bakin Dajin Dindir

18 Disamba 2021

Hanya ta bushe, mota na iya shiga, don haka aiki ya tashi. Ga waɗanda suka ba da gudummawa daga Sinnar da Madani da Jidda, ga bayanin inda kuɗinku ya nufa. Mu 'yan sa-kai ne daga Mai Wurno a ƙasar Sudan, akasarinmu malaman makaranta da 'yan kasuwa, da muka saba fita da'awa ƙauyuka idan an gama yankan riɗi. Bana muka ce yawon ya isa haka, gara mu zauna wuri ɗaya har rani ya ƙare mu bar abin da za a nuna da yatsa. Wurin da muka zaɓa ƙauyen Hausawa ne a gaɓar kogin Rahad, wanda da ka haye yashin kogin ka taka ƙasar gandun dajin Dindir. Abu uku muka ɗauka: aji biyu kusa da makarantar allo, tafkin shayar da dabbobi a wajen gandun, da kai yaran ƙauyen cikin dajin su ga namun daji da idonsu.

Na ukun ne ya sha dariya a wurin taro. Wani Alhaji ya ce, "Yaran da ke kwana suna jin kukan kura, su za ku ɗauka a mota ku kai kallon dabba?" Amsar ita ce jin kuka daban, gani daban. Shiga gandun ba da takarda ba laifi ne, saboda haka yaron ƙauyen ko dai bai taɓa shiga ba, ko kuma ya shiga a ɓoye da dare bayan babansa, zuciya na dukan uku-uku. Baƙo daga Khartum ko daga Turai ya fi shi sanin kamannin gwambaza.

Gandun ya girmi duk wanda ke cikin tawagarmu. A 1935 aka keɓe shi, zamanin Turawan Ingila, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, ya jingina da iyakar Habasha. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake tattalin halittunsu, a 2005 kuma aka sa fadamunsa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya. Ƙauyuka da yawa na bakin Rahad kuwa daga baya suka cika, musamman lokacin farin shekarun 1980 da ya koro mutane daga yamma. Wato dokar ta riga mutanen zuwa, amma cikin mutum ba ya karanta doka.

4 Janairu 2022

An buga bulo an ƙona. Shehun ƙauye, wato mai gari, ya kira gayya, maza suka fito da garma da kwando, mata suka ɗora tukwane. Laka a nan baƙa ce mai danƙo, irin wadda ke darewa da rani har ƙafar jaki ta faɗa ciki. Magini ya ce idan muka yi harsashi marar zurfi, damina ɗaya za ta tsaga bangon, domin ƙasar kan kumbura idan ta sha ruwa ta kuma tsuke idan ta bushe. Dole aka ƙara zurfin, aka yi ta jigilar yashi daga kogi da amalanke ana zubawa a ƙasa. Wannan ya ci kuɗin da muka ware wa tagogi.

Abin da bai cikin lissafinmu shi ne kalazar. Mun tarar da yara masu zazzaɓin da ya wuce mako biyu, sun rame, ciki ya tashi ta hagu saboda saifa ta kumbura. Iyaye sun yi ta ba su maganin maleriya ba sauƙi. Wata ma'aikaciyar jinya da ke zagaya ƙauyukan nan aikin sa-kai, kowa Sista yake ce mata, ita ta zauna da mu ta warware mana zancen. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke kawo cutar, bai kai sauro girma ba, yana son inda akwai dushe da aduwa da tsagaggiyar ƙasa. Daga Maris zuwa Yuni ya fi cizo, lokacin da zafi ke korar mutane su kwana a waje, amma ciwon sai bayan watanni yake bayyana, shi ya sa ake ganin masu jinya sun yi yawa daga ƙarshen kaka zuwa hunturu. Gwajinsa da ɗigon jini ne a yatsa, maganinsa allura iri biyu kullum har kwana 17, kuma sai an kwantar da yaro a asibiti. Idan aka bar shi, yawanci kisa yake yi. Motarmu ta zama motar asibiti a makon nan. Ba mu ƙi ba.

14 Janairu 2022

Yau Juma'a, Liman ya ba ni dama in yi wa mutane magana bayan salla. Na shirya sosai. Na kawo ayar Suratul An'am da ke cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne irinmu, na kawo hadisin wanda aka gafarta masa don ya shayar da kare, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Na yi magana kan sa wa daji wuta wajen ɗiban zuma, da ɗana tarkon waya, da kora shanu cikin fadamun gandu. Mutane suka saurara, aka ce Allah ya saka da alheri, aka watse.

Da la'asar Baba Liman ya aiko a kira ni. Dattijo ne da ya yi karatu a zaurukan Mai Wurno tun kafin a haife ni. Na same shi a rumfarsa an ajiye jabana, ɗan tulun dafa kofi, a kan garwashi, jikarsa tana daka citta a ɗan turmi. Sai da ya zuba mini kofi na farko, ya jira na shanye, sannan ya jawo wani tsohon littafi mai bangon fata, ya buɗe inda ya sa tsinke.

"Malam, wa'azinka ya yi kyau," in ji shi. "Amma ka karanta mini nan."

Muwaɗɗa ce ta Imamu Malik, wajen ƙarshenta, labarin Sayyidina Umar da ya naɗa wani bawansa ya tsare makiyayar da aka keɓe wa dabbobin baitulmali. Umar ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya hana garken Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba.

"To ka gani," ya ce. "Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a addini, ban musa ba. Amma wanda ya keɓe ya san wa ya hana, wa ya bari. Ka je ka dubi inda burtali yake da. Wa ya nome shi? Mai akuya biyar ne?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba shi ba ne."

Gaskiyarsa ce, kuma duk wanda ya bi hanyar Gadarif zuwa Hawata ya ga shaida. Noman tarakta da aka faro a yankin Gadarif a shekarun 1940 ya yi ta cin daji har ya iso bakin gandun, gonar mutum ɗaya sai ka yi tafiya a mota ba ka ga ƙarshenta ba. Filayen da namun dajin ke fita su yi damina a cikinsu sun zama gonakin dawa da riɗi, hanyoyin makiyaya sun tsuke. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, makiyayan da suka saba cin rani a can da yawa suka dawo suka cunkushe a nan. Ciyawa da ruwan da suka rage a watan Maris suna cikin gandu. Saniya ba ta san allon hukuma ba.

Na fito daga rumfar da ra'ayin da nake kai har yanzu: a ƙauyen nan ba a rasa aya da hadisi ba, ruwa aka rasa. Muddin tafkin nan bai haƙu ba, duk wa'azin da za mu yi kan dabbobin dawa zuba ruwa ne a kwando.

29 Janairu 2022

Bango ya kai lintal. Mai motar haƙa tafki da muka ba kafin alƙalami tun Disamba bai zo ba. Farko ya ce gas ya yi wuya, yanzu ya ce wani ƙarfe ya karye ana nemansa a Khartum, ga zanga-zanga ana rufe gadoji. Wataƙila duk gaskiya ne. Takardar izinin shiga gandu dai ta fito daga ofishin 'yan sandan kare namun daji.

13 Fabrairu 2022

Jiya muka dawo daga daji. Zan tsawaita a nan domin masu tambaya sun yi yawa.

Mun tashi bayan asuba da lori ɗaya da boksi, wato a-kori-kura, yara maza da mata na ajin manya, da iyaye biyu, da jami'i mai bindiga a gaba kamar yadda doka ta tanada. Baba Liman ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba, amma ya turo ƙaninsa, tsohon mafarauci da ya ajiye sana'ar tun da daɗewa. Shi ya zama malamin tafiyar, mu muka koma ɗalibai.

Sa'o'in farko ba abin gani sai dushe da aduwa, ga ƙura, ga toka inda wuta ta ci. Yara suka fara gyangyaɗi. Sai da muka kusa kogin Dindir daji ya sake fuska: goriba dogaye, tsamiya, magarya, ɓaure, inuwa ta ko'ina. Kogin daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, yana gudu da damina, da rani kuma sai farin yashi da gurabun ruwa jefi-jefi. Ran gandun duka yana cikin fadamun da ake kira maya, tsofaffin hanyoyin kogi ne da ke cika da ambaliya su riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani. Duk abin da ke numfashi a dajin nan, can za ka same shi da yamma.

Gwaggon biri muka fara cin karo da su a sansanin Galagu, sun saba da mutane har sun raina su. Ɗaya ya fizge ledar gurasa daga hannun direba yana tsaye. Gadu kuwa suna kiwo a gwiwa, idan suka firgita sai su ɗaga wutsiya sama su zura a guje, abin da ya sa yara dariya har da hawaye. Zabi ba a magana, garke-garke suke tsallaka hanya.

Da la'asar sakaliya jami'in ya kai mu bakin wata maya, ya sa aka kashe inji, ya ce kowa ya yi shiru. Kwanta-rafi sun bazu cikin ciyawa, gwambaza na tsaye a ruwa har gwiwa, borin-tunke da kwasa-kwasa sun jeru a gefe, ga gauraka biyu. Muna nan sai ƙura ta tashi daga cikin itatuwa. Ɓauna ne. Suka fito sannu a hankali, manyan a gaba, 'yan maruƙa a tsakiya. Wani tsohon namiji ya ware ya tsaya yana fuskantarmu, ya ɗaga hanci yana shaƙar iska, laka ta bushe a kafaɗarsa ta yi fari, kunnensa ɗaya a yage, tushen ƙahonninsa ya haɗe a goshi. Tsuntsaye na bin bayansa suna cire masa kaska. Wata yarinya da ke kusa da ni ta riƙe gefen rigata ta raɗa, "Malam, wa ke kiwonsu?" Kafin in buɗe baki tsohon mafaraucin ya ce, "Wanda ke kiwonki, jikata."

Shi ne kuma ya nuna musu sawun zaki a yashi washegari da safe, ya durƙusa ya zagaye shi da yatsa, ya ce su lura ba alamar farce, domin zaki kan maƙale faratansa idan yana tafiya, kura kuwa nata a waje suke. Zakin kansa ba mu gan shi ba, amma da dare mun ji gurnaninsa daga nesa, kuma ba yaron da ya nemi fita fitsari. Zakunan Dindir na cikin 'yan kaɗan da suka rage a wannan yanki. A 2016 ne aka ba da sanarwar tabbatar da akwai su a gandun Alatash na Habasha, wanda ke manne da wannan ta gabas, dabbobin kuwa ba ruwansu da iyaka.

Da dare a bakin wuta tsohon ya lissafa wa yaran abin da ya gani da ƙuruciya wanda su ba za su gani ba. Raƙumin dawa, wanda tun shekarun 1980 aka daina ganinsa a Dindir. Dari, da a da ke rufe fadama, yanzu sai labari. Jami'in ya ƙara da cewa mayoyi da dama suna cikewa da laka, suna ƙafewa da wuri, ga shanu na shigowa suna cinye abin da ya rage, wani lokaci da cuta a jikinsu. Abin da ya burge ni shi ne yadda mutanen nan biyu, da a da ɗaya ke farautar ɗaya, suka zauna suna gyara wa juna sunayen wurare. Jimina muka gani a hanyar dawowa, namiji baƙi da mata uku, suka yi tsere da lori suka bar mu.

22 Fabrairu 2022

An kama shanun wani mutumin ƙauye a cikin gandu, kuma ɗansa na cikin yaran da muka kai. Hukuncin shiga da dabbobi mai tsanani ne, akwai tara, ana kuma ƙwace wani kaso na garken. Uban bai musa ba. Ya ce gurbin ruwan da suke shayarwa a Rahad ya zama taɓo, ya zaɓi ya yi kasada da rabi da ya zuba ido duka su mutu. Yaron bai zo aji ba kwana biyu. Da ya dawo ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ce komai ba. Shehun ƙauye da dattawa sun tafi neman sassauci.

Masu cewa jami'an ba su da tausayi su tuna cewa idan aka buɗe wa kowa, kafin azumi ba sauran ciyawa a maya, ɓauna da saniya duk su rasa. Masu cewa makiyaya ba sa jin magana su zo su ga taɓon.

10 Maris 2022

An rufa aji, an sa ƙofofi, tagogi sai buhu tukuna. Karatu ya fara: safe boko, bayan azahar fiƙihu da lissafi ga manya. Matan aure sun nemi a ba su nasu lokacin, matar ɗaya daga cikinmu za ta zo daga Sinnar ta riƙe.

Mun raba gidan sauro mai magani tare da Sista, gida-gida, kafin lokacin cizo ya kankama. Ita ke bayani da Larabci, mu muna mayarwa da Hausa ga tsofaffin mata. Ta nace a ɗaura shi tun magariba a waje inda ake shimfiɗa, ba a ɗaki ba inda ba mai kwana da zafin nan.

Wasu daga cikin masu ba mu gudummawa sun yi waya suna tambaya, wai mun ji kuna aiki da 'yar mishan. E, Kirista ce, 'yar ƙabilar Uduk daga kudancin jihar Nilu Shuɗi, cocinsu ne ke tallafa mata da kuɗin mota. Kakanninta a hannun 'yan mishan ɗin SIM suka yi karatu a Chali, waɗanda suka shigo yankin a ƙarshen shekarun 1930 bayan Italiya ta fitar da su daga Habasha, har zuwa 1964 da gwamnatin Janar Abbud ta Sudan ta kori 'yan mishan na waje. Ƙungiyar nan ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: ita ta kafa asibitin ido na Kano da asibitin Galmi a Nijar, inda dangin da yawa daga cikinmu suka sha magani ba tare da sun bar sallarsu ba. Sista ba ta taɓa yi wa kowa wa'azi a ƙauyen nan ba, mu ma ba mu tsare ta da namu ba. Idan lokacin salla ya yi takan ce, "Ustaz, ku je, zan riƙe layin." Baba Liman 'yata yake ce mata, kuma shi ya sa aka ware mata ɗaki a gidansa. Wanda ke da wata ma'aikaciyar jinya da za ta yarda ta kwana a nan cikin watan Maris, ya turo mana ita, muna maraba.

7 Afrilu 2022

Azumi ya kama, zafi ya kai inda ya kai. Motar haƙa ta iso ana saura kwana kaɗan a ga wata. Da dare suke aiki, daga bayan tarawihi zuwa sahur, da fitilar mota. An zaɓi wuri a bakin wani kwari da ke kawo ruwan sama, nesa da iyakar gandu, yadda mai shanu ba zai ga dajin ba ma balle ya yi sha'awa. Ƙasar da aka kwaso ana tara ta a gefe ta zama ganuwa, an bar mashiga da ɗan ramin da laka za ta fara kwantawa kafin ruwa ya wuce ciki. A wannan fannin baƙar lakar da ta wahalar da magini ta yi mana rana, domin ba ta tsotse ruwa.

Kada kowa ya ɗauka an gama. Tafki sai damina ta cika shi, amfaninsa sai rani mai zuwa. Na bana ya riga ya wuce, kuma an sake kama wasu shanun a makon jiya.

Rukuni na biyu na yara ba su samu shiga daji ba, iyaye sun ce a bari sai bayan salla.

15 Mayu 2022

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, shamuwa ta iso, direba ya ce idan muka ƙara mako guda sai dai mu bar motar a nan har Nuwamba. Gandun ma rufewa yake yi da damina, saboda haka tafiyar rukuni na biyu ta koma Disamba. Na rubuta sunayensu na ba Liman don kada a ce an manta da wani.

Tafki ya haƙu, amma zurfinsa bai kai yadda aka yi yarjejeniya ba, mai mota ya janye ya tafi wani aikin. Mun riƙe ragowar kuɗinsa. Ba a kewaye shi da waya ba, kuma idan ba a kewaye ba shanu za su tattake bakinsa su ɓata ruwan cikin wata ɗaya. Dattawa sun kafa kwamiti na mutum biyar, da wakilin makiyaya a ciki, za su riƙa karɓar ɗan abin da aka yanka a kan kowane garke don gyara. An yi gardama mai zafi kan ko garken manyan 'yan kasuwa da ke zuwa daga nesa zai sha. Baba Liman ya sake jawo littafinsa, aka tsaya a kan cewa na ƙauye da ƙananan makiyaya su ne farko.

Yaran da muka kai asibiti sun dawo, ban da ɗaya da aka kai a makare, Allah ya jiƙansa. Malami ɗaya zai zauna ya yi damina da su, albashinsa na wata uku yana hannu, na sauran babu. Abin da ake nema kafin Disamba: waya da turaku na kewaye tafki, kwamin shayarwa na siminti, tagogi huɗu, da kuɗin gas na lori. Gobe bayan asuba za mu kama hanyar Hawata.